Mai Koriyar Ƙofa

Litinin, bayan la'asar

Tun ina saurayi, ina koyon kafinta, wani mai sayar da fenti ya taɓa ce mini wai akwai mutanen da idonsu lafiya lau yake, suna iya zura zare a allura da magariba, amma ja da kore da ruwan ƙasa duk kusan abu ɗaya ne a wurinsu, kuma wai su kansu ba su sani ba. Dariya na yi. Na ce wannan dabarar masu fenti ce, so suke ka sayi gwangwani uku inda ɗaya zai ishe ka.

Yau zancen ya faɗo mini, ga kuma dalili.

Jikana, ɗan babbar 'yata, yana zaune a wurinmu tun da ya samu shiga kwalejin fasaha da ke bayan unguwarmu. Injiniya muke ce masa, don tun yana rarrafe ba a ajiye tocila kusa da shi ta kwana da hanjinta. Sashen lantarki ya nema, shi aka ba shi. Duk abin da suka gindaya mun cika: sakamakon sakandare da lissafi a ciki, rigar aiki, takalmi mai ƙarfe a baki wanda ya fi shi nauyi, tabarau, safar hannu. An ce kada ya sa zobe, ya cire. An ce ya rage suma, ya rage yana gunaguni.

Ashe akwai sauran sharaɗi guda. Kowane sashe yana da nasa gwajin a watan farko. Masu gini ana hawar da su tsani a ga ko jiri zai ɗebe su. Masu walda ana duba ko hannunsu na rawa. Su kuma masu lantarki, faranti ake miƙa musu cike da guntayen wayoyi, a ce su ware kowane launi gefe guda.

Yaron ya dawo bai yi sallama da ƙarfi yadda ya saba ba. Wai malamin ya ce ya haɗa masu ruwan ƙasa da koraye. Za a sake gwada shi nan da mako biyu. In ya sake faɗuwa, ko dai ya koma wani sashe kafin ƙarshen wata, ko ya rasa gurbinsa a makarantar baki ɗaya.

Na ce masa ya ci abinci tukuna, gobe ni da kaina zan je in ga farantin nan.

Gwamnati ba ta nan. Matata ke nan, haka nake ce mata, don ita ke yanke hukunci a gidan nan kuma ba a ɗaukaka ƙara. Tana can wurin Auta da ta haihu. Ban gaya mata ba.

Talata, da azahar

Na je. Makarantar ta burge ni, ba zan ɓoye ba. Ɗakunan aiki a jere, kowanne da ƙamshinsa da ƙararsa. Na tsaya a ƙofar sashen kafinta fiye da yadda ya kamata, ina shaƙar garin katako, har wani ɗalibi ya kawo mini kujera. Kujerar tana da ƙafa ɗaya da ta gaza da kaurin farce. Na zauna a kanta a haka.

Malamin lantarkin mutum ne mai ladabi, ya tashi ya gaishe ni, Baba sama Baba ƙasa. Ya ɗauko farantin, yana nan yadda Injiniya ya ware shi jiya. Na sa tabarau na duba tsaf. Aiki ne mai kyau. Shuɗi a gefensa, baƙi a gefensa, sauran kuma masu duhu da masu duhu, masu haske da masu haske. Na tambaye shi ina kuskuren.

Ya ɗauki waya biyu daga tuli guda ya ɗaga. Ya ce wannan ita ke ɗauke da wuta, wannan kuma ita ce ta ƙasa, wadda ke ceton rai idan abu ya lalace. Wanda ya sauya su a gidan mutane, wai duk wanda ya taɓa firij zai iya tafiya lahira da kofin ruwa a hannu. Na kalli wayoyin. Kamar tagwaye. Na ce masa ɗaya ta ɗan fi ɗaya tsufa, shi ke nan.

Ya mayar da wayoyin cikin farantin. Sai ya ce abin ba laifin kowa ba ne, ba kuma ciwo ba ne, haihuwar mutum ake yi da shi, kuma sau da yawa yaro daga wurin mahaifin uwarsa yake ɗaukowa.

Na ce: "Mahaifin uwarsa ni ne. Daga tsallaken titi nake gane katakon da ya karkace."

Ya ce haka ne, Baba. Ya kalli hulata, ya kalli rigata, ya raka ni har bakin ƙofa.

Laraba, da safe

Na sayo wayoyi a shagon kayan wuta, kowane launi kamu ɗaya. Mun yanyanka su da filaya, muka zuba a tiren shayin Gwamnati, muka cakuɗa. Shi zai riƙa warewa, ni zan riƙa dubawa. In makaranta ba ta iya koyarwa ba, a gida akwai malami.

Laraba, da yamma

Bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Alhamis, bayan la'asar

Yau ma haka. Na duba tuli bayan tuli, ban ga abin gyara ba. Yaron ya fara dawowa cikin hayyacinsa, har ya ce mini: "Tsoho, da kai aka ba sashen nan da yanzu duk mun zama farfesoshi." Na ce ya bari sai an naɗa ni, shi zan fara kora.

Tela, maƙwabcina, wanda muka tsufa tare muna zagin juna, ya leƙo daga shagonsa da zan wuce. Ya dube ni sama da ƙasa ya tambaya yaushe Gwamnati za ta dawo. Na ce ina ruwansa. Ya ce ruwansa shi ne shi ya ɗinka rigar da wandon, kuma bai ɗinka su don su haɗu da juna ba, kada mutane su ce aikinsa ne. Hassada ce. Shi ko kyauta aka ba shi tsayina bai san inda zai ajiye ba.

Gaskiya dai Gwamnati ce ke fitar mini da kaya kowace safiya ta ɗora a kan gado. Na ɗauka ladabi ne.

Asabar, da hantsi

Gwamnati ta yi waya. Jaririn yana da hancina, in ji ta, Allah ya ba shi haƙuri. Ta tambayi Injiniya, mijinta na gaskiya kamar yadda take ce masa don ta ba ni haushi. Na ce yana nan yana ta karatu. Ba ƙarya na yi ba. Ta tambaya me nake sawa. Na ce tufafi. Ta yi wata irin ajiyar zuciya.

Gidan nan yana da girma ashe.

Litinin, da yamma

A watan gwajin nan ana zagayawa da sababbin ɗalibai kowane sashe su yini. Yau an kai su sashen famfo. Malamar wurin mace ce, wai gajeriya, tana yawo da sifana a aljihun baya, muryarta tana kaiwa filin ƙwallo. Ta ba kowa bututu biyu da 'yar gwiwar da ke haɗa su ya ɗaura, sannan ta sake musu ruwa da ƙarfi. Kowa ya sha wanka. Na Injiniya ne kaɗai bai ɗiga ba. Wai ta juya haɗin a hannunta, ta tambayi wa ya koya masa yanka a miƙe haka. Ya ce kakansa kafinta ne. Ta ce in ya taɓa gajiya da wuta, ƙofarta a buɗe take.

Yana ba ni labarin yana yamutsa fuska. Ya ce shi bai zo kwaleji don ya ƙare yana leƙa masai ba. Na ce daidai ne. Amma zancen yanka a miƙe, sau uku na sa ya maimaita mini.

Mun yi tire. Cif.

Laraba, da safe

Cif.

Juma'a, bayan la'asar

Mun gaji da cin nasara, har muka fara yi da gudu. Ina riƙe da agogo yana warewa. Na ƙirƙiro masa dokoki don kada ya manta: kore shi ne launin ciyawa, ja kore ne da ya yi fushi, ruwan ƙasa kuma kore ne da ya tsufa. Ya ce shi ma haka yake gani tun da can, amma bai taɓa jin wanda ya faɗe shi daidai ba sai ni. Na ji daɗi. Ba kowane kaka ne jikansa ke fahimtarsa haka ba.

Tela ya shigo aron guduma, ya tarar da mu. Ya tsaya a kan tiren ya daɗe. Ya ɗago ya dube ni. Ya ce: "Mai Koriyar Ƙofa, kai ne alƙalin wannan wasan?" Na ce ni ne. Ya ce to Allah ya kawo Gwamnati lafiya, ya fita bai ɗauki gudumar ba.

Wannan sunan tun da muka tare a gidan nan unguwa ke kirana da shi. Ƙofata ruwan ƙasa ce, da hannuna na yi mata fenti, launin katako mai kyau, kuma duk bayan 'yan shekaru ina kai tsohon gwangwanin a ba ni irinsa. Na daɗe da barin tambayar inda suka samo sunan. Mutanen unguwa in suka liƙa maka abu, ba ya fita.

Litinin, da azahar

Yau aka sake gwajin.

Litinin, da yamma

Bai ci abinci ba. Ni ma ban ji yunwa sosai ba.

Talata, da hantsi

Sai yau ya yi magana. Wai malamin ya ba shi faranti sau biyu, har ya fito da shi waje inda rana take. Wai ya dafa kafaɗarsa ya ce shi ɗalibi ne mai kai, lissafinsa ya fi na kowa, amma ba zai sa hannu ya tura shi gidajen mutane ba. Ya ba shi shawara ya zaɓi wani sashe kafin Juma'a, ranar za a rufe.

Injiniya ya ce ba zai zaɓa ba. Ya ce malamin ne bai ƙaunarsa, tun da ga shi a gida bai taɓa faɗuwa ba, kuma ni shaida ne. In ba lantarki ba, gara ya koma wurin uwarsa ya zauna. Ya fito da jakarsa ya ɗora takalmin mai ƙarfe a kai.

Na ce masa ni shaida ne ƙwarai. Na ce Alhamis zan je wurin shugaban kwalejin da tirenmu, a yi ta a gaban kowa.

Na faɗa da ƙarfi. Ban san me ya sa na ci gaba da tuna yadda malamin ya kalli hulata ba.

Laraba, da la'asar

Gwamnati ta dawo ba sanarwa. Daga baya na gane Tela ne ya yi mata waya, munafukin banza.

A bakin ƙofa ta same ni. Ba ta ko ajiye jaka ba, ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta ce: "A haka ka yi ta yawo a gari?" Na ce sannu da zuwa. Ta ce yauwa, amma a haka?

Ta shiga, ta rungume mijinta na gaskiya, ta ga jakarsa a ɗaure, ta ga tirenta. Ta aike shi sayen burodi a shago mai nisa, alhali akwai na kusa. Sannan ta zauna ta ce in ba ta labari. Na ba ta, ban rage komai ba, har da dokokina uku. Na nuna mata tulin wayoyin da muka ware na ƙarshe, don ta ga zaluncin da ake yi wa yaro.

Ta sa yatsa a tuli guda tana turawa ɗaya ɗaya. Kore, ta ce. Ja. Ruwan ƙasa. Kore. Ruwan ƙasa. Kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce ta ƙi fita. Ta ce mako biyu cur, wanda ba ya gani yana duba wanda ba ya gani, suna ba juna maki.

Na ce ta yi hankali da bakinta.

Ta share ido da gefen mayafi. Ta tambaye ni, a zatona me ya sa take fitar mini da kaya kullum. Me ya sa ba ta taɓa aikena sayen tumatir ba tun sau ɗayan nan da na sayo mata ɗanyu. Me ya sa duk wanda ya kawo aikin kabad a shagona, ita ce ke fitowa ta tambaye shi launin da yake so.

Na ce to me ya hana ta faɗa.

"Na faɗa maka a shekararmu ta farko, ka ce mai fenti ne ya saye ni. Ranar da muka tare ka tsaya a gaban ƙofar nan, fenti har gemunka, kana murna ka samu launin katako. Kore shar. Na dube ka, na ce a raina, to, koren ma yana da kyau."

Sai ta daina dariya. Ta ce ni na tsufa da abina lafiya, don katako ba ya kashe kowa saboda launi. Yaron nan kuma jibi zai yar da makarantarsa, don kakansa ya rantse masa cewa shi ke da gaskiya. Ta ce ba zai ji maganar kowa ba sai tawa, tun da ni na ɗaure shi.

Ta tashi ta juye wayoyin a kwali, ta wanke tirenta.

Alhamis, da asuba

Na fita na tsaya a gaban ƙofar. Ruwan ƙasa ce.

Alhamis, da yamma

Ban je wurin shugaban ba.

Da hantsi na fitar da benci bakin titi, na kira Injiniya ya zauna. Na tambaye shi launin ƙofarmu. Ya dube ni kamar na fara rikicewa, ya ce ruwan ƙasa mana. Na ce ni ma haka na gani. Na ce to mu tambayi duk wanda ya wuce, wanda bai san mu ba ya fi.

Mai tura kurar ruwa ya ce kore, bai ko tsaya ba. Wata mata da kwando a ka ta ce kore, ta ƙara da cewa Allah ya ba mu lafiya. Wani ɗan sanda a kan keke ya ce kore, ya tambaya ko an yi sata ne. Mai gyaran takalmi ya ce kore ne irin mai ihu. Tela yana zaune a ƙofar shagonsa ya harɗe hannu, bai ce uffan ba, kuma wannan shirun nasa ba zan yafe masa ba.

Injiniya ya fara murmushi a kan matar, a kan ɗan sandan ya fashe. Ya ce: "Tsoho, duk makin nan da ka ba ni fa?" Na ce ya riƙe su, ban karɓi ko ɗaya a wurin kowa ba, daga zuciyata suke. Muka yi ta dariya har benci yana girgiza. Can na ji tasa dariyar ta canza. Na kalli titi na bar shi ya gama.

Da ya nutsu sai ya riƙa jujjuya filaya a hannu. Ya tambaye ni, da a ce ya ci gwajin nan da sa'a, wata rana ya haɗa wa wani gida waya fa. Na ce abin da malaminsa ya gaya mini ke nan, ni kuma na ba shi amsar katako.

Na ce masa idon nan daga wurina ya ɗauko, ba yadda zan yi in karɓe. Amma hannun ma daga wurina ne, kuma an ce wata gajeriyar mata ta yaba.

Ya ce masai fa, Tsoho. Na ce duk mai kuɗin garin nan, ranar da masansa ya toshe, da ladabi yake magana.

Ya taɓe baki. Amma da ya shiga, na ji ƙarar takalmin nan mai ƙarfe ya sauka daga kan jaka.

Juma'a, da azahar

Ya canza. Sashen famfo. Malamin lantarki da kansa ya raka shi har ƙofar. Wai malamar ta miƙa masa sifana ba ta ko ɗago kai ba, ta ce ya makara da wata guda.

Na raka shi har bakin makaranta cikin kayan da Gwamnati ta fitar. Tela ya ce yau ya yarda shi ya ɗinka.

Talata, bayan la'asar

Ya dawo a jiƙe har wuya, yana magana kamar rediyo. Wai ruwa da wuta 'yan uwa ne, lissafinsu kusan ɗaya, matsi da gudu da hanya, sai dai ruwa in ya gudu kana ganin inda ya bi. Ya kwance famfon tsakar gidanmu da ke ɗiga tun bara, wanda na ce zan gyara. Gwamnati ta ce ta gode wa mijinta na gaskiya. Na ji da kunnena.

Na tambaye shi ko can ma akwai faranti. Ya ce akwai alama biyu kawai, ja na ruwan zafi, shuɗi na sanyi. Malamar ta gwada shi, ya ci. Shuɗi dai, ni da shi, ba mai koya mana.

Alhamis, da safe

Gwamnati ta tambaya ko a sake wa ƙofar fenti, a yi mata ruwan ƙasa na gaske. Na ce a bar ta. Unguwa na ganin tata, ni ina ganin tawa, kuma ba wanda ya taɓa ɓata hanyar gidana.

Labarin nan na mutanen da ba su rarrabe ja da kore, mai fenti ne ya fara ba ni, na ƙaryata shi, Allah ya jiƙansa. Malamin lantarki ya ba ni cikin ladabi, na ba shi amsa. Gwamnati ta ba ni, na yarda da rabi, don ba a musu da ita. Ɗazu kuma Injiniya zai fita, jakar kayan aiki a kafaɗa, sai ya tsaya ya ƙwanƙwasa ƙofar da sifana, ya juyo yana murmushi.

"Tsoho, an ce koriya ce."

Na ce an ce.

Shi ne ya faɗa mini na ƙarshe, jikana, wanda shi ma ji ya yi, bai taɓa gani ba. A bakinsa na yarda.